Faratan Don Crispín

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, aka bugo mini waya daga Villarrica cewa ka rasu, Don Crispín Ozuna, malamina na kiɗan jita. Na yi kuka kamar marainiya.

Ina yarinya ka ji ni ina taɓa tsirkiya a bayan coci, ka je har gida ka roƙi babana ya ba ka ni ka koya mini kiɗa. Kullum kakan ajiye mini chipa mai zafi, burodin nan na garin rogo. Da tsirkiya ta fasa mini yatsa, kai ka riƙa shafa mini kitse har ya warke.

Ranar farko ka sa almakashi ka yanke faratan hannuna na dama. Ka ce, “Ke Ramona, farce maƙaryaci ne. Tsokar yatsa ce ke faɗin gaskiya.” Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Tsararrakina suka tara farce, kiɗansu na kaiwa ƙarshen zaure, nawa ko layi na biyar ba ya wucewa. Gasa bayan gasa ina faɗuwa, kai kuwa sai ka ce, “Haƙuri, ’yata. Ba da tsoka na cika zaure a Buenos Aires ba?”

A zaman makoki matarka, Ña Eulalia, ta miƙo mini wani ɗan gwangwani. Faratai ne a ciki, na ƙahon saniya, an goge su sumul, ga kwalbar gam a gefe. Ta ce, “Ungo, ke ya dace ki gada. Su yake mannawa in zai yi wasa a ƙasar waje. Ai na ɗauka kin sani!”

Ban sani ba, malam. Ka ci amanata, kuma ba zan ɓoye ba don ka kwanta dama. Ƙuruciyata ta tafi wajen neman sautin da kai ma ba ka samu da tsoka ba. Abin da ya fi ci mini rai, ɗalibaina ma haka na yi ta yanke musu farce da sunanka. Ranar Litinin za su zo, da wane baki zan yi musu bayani?

Ina yi wa Ña Eulalia da ’ya’yanka, Blas da Celsa, ta’aziyya. Allah ya ba su haƙuri, ya jiƙanka, ya sa ka huta. Allah ya gafarta maka, shi da ba ya gajiya da gafara. Tawa kuwa, sai ka ɗan jira.