Sista Elisabatu da Mantuwar Malam Halliru

Kafin masu kabu-kabu su gama shan kunu a bakin tashar Wurno, Sista Elisabatu ta riga ta iso, jakarta a kafaɗa, na'urar awon jini a ciki. Litinin da Talata tana asibiti tana raba magani. Laraba ta Goronyo ce. Alhamis sai ta bi hanyar Rabah har Gandi, in ruwa bai cinye hanyar ba. Haka take yi tun da aka damƙa mata sashen masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, a lokacin da ma'aikata da yawa ke kauce wa ƙofar ɗakin.

Mutuniyar Zuru ce, Kirista, ta zo ƙasar nan da ƙuruciyarta, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya fara sauya rayuwar manoman rani. Yau Sakkwatanci ya zauna a bakinta har ba a gane ba 'yar gari ba ce. Shekarunta na farko a sashen, ta'aziyya ta fi yawa. Da magani ya wadata, sai mutanenta suka daina mutuwa. Suka aurar da 'ya'ya, suka yi furfura, suka fara kukan ciwon gwiwa kamar kowa. Ita ce ta fara lura cewa wasu daga cikinsu tsufa na yi musu sauri, kuma ba a gwiwa kaɗai yake tsayawa ba.

Malam Halliru, manomin albasa a ƙasan madatsar, shi da kansa ya ce a faɗi sunansa, don ya ce abin da ya same shi ba sata ba ce. Shekara goma sha huɗu yana shan magani bai taɓa tsallake ranar karɓa ba. Bai kai hamsin ba sa'ad da abin ya fara. Wata rana ya wuni yana ban ruwa, sai da maƙwabcinsa ya zo yana godiya ya gane fangalin wani ya shayar, nasa na can ya bushe. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Bayan mako biyu ya hau babur daga kasuwa, mai babur ya tambaye shi ina za shi, sunan ƙauyensu ya ƙi zuwa bakinsa. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. 'Yan'uwansa suka ce sammu ne, suka fara shawarar a hana shi fita, a ba ƙanensa gonar.

Da Laraba biyu suka wuce Halliru bai zo ba, Elisabatu ta hau babur ta bi shi har gida. Matarsa Ma'u ta tare ta a zaure da ido jawur, ta gaya mata ya ajiye maganin kusan wata guda ke nan. Ta same shi zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, ya rame, ya kasa haɗa ido da ita.

"Sista, maganin ga shi ka cin kaina," in ji shi. "Na bari. Gara in mutu da hankalina."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna ta sha ruwan da Ma'u ta kawo, ta tambayi albasa, ta tambayi yara. Sannan ta ba shi labarin abin da ta koyo a wani taron ƙara wa juna sani a Sakkwato. Ta ce jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai zarurruka masu ɗauke da abin da ya gado daga iyaye. A bakin kowane zare akwai ɗauri, likitoci na ce masa telomiya. Ta kama bakin tabarmar da yake zaune a kai, inda aka naɗe kaba aka ɗinke, ta ce aikinsu ɗaya: hana saƙa warwarewa. Duk sa'ad da ƙwaya ta rabu don ta sabunta jiki, ɗaurin na ɗan cinyewa, wannan shi ne tsufan kowa. Amma jikin da ya daɗe yana yaƙi da cutar, masu bincike sun ga nasa kan fi saurin cinyewa, kuma ƙwaƙwalwa na iya ɗanɗana kuɗarta.

Halliru ya dubi bakin tabarmar. Ya tambaye ta ko ana iya ƙulla wanda ya riga ya cinye.

"Ba ni yi maka ƙarya, Malam Halliru," ta ce. "Wanda yac cinye, ban da allurar mai da shi. Amma in ka bar magani, cutar ta ka tashi, ita ko ba ta san sannu ba. Sauran da yar rage, shi za mu tsare, ni da kai."

Washegari ta kai shi gaban likita da kanta. Aka tarar jininsa ya hau sosai, ƙwayar cutar ma ta fara ɗagowa. Likita ya sauya masa tsohon maganin da wani da bai cika damun kai ba, ya ƙara masa na hawan jini. Sauran aikin kuwa na Elisabatu ne. Ta sa Ma'u ta ɗaura ƙyalle ja a hannun butarsa, duk asuba in ya ɗauka zai yi alwala ya tuna da ƙwayar maganinsa. Ta yi ta fama da shi har ya bar taba, wadda ya fi jin zafin rabuwa da ita fiye da komai. Ta je wurin 'yan'uwan ta roƙe su su bar masa gonarsa rani ɗaya su gani, ba tare da ta buɗe musu sirrin da ba nasu ba. Ta ce mutumin da aka zaunar a ɗaki, kansa ma zama yake yi.

Daga nan ne zaman Laraba ya samo asali. Ta ga Halliru ba shi kaɗai ba ne, amma ta san in ta ce masu cutar su taru, babu wanda zai zo. Sai ta sa aka yi shela cewa duk mai son a auna masa jini ya zo harabar asibitin Goronyo ranar Laraba. Masu cutar suka zo, marasa ita suka zo, aka gauraye, ita kaɗai ta san wane ne wane. Bayan awo sai a haƙa gurbin dara, mata su yi ta kacici-kacici, wata tsohuwa da ake kira Kaka Adama ta sa kowa ya jero kakanninsa har bakwai, wanda ya yi tuntuɓe ya sha tsiya. Da wasu masu bincike daga jami'a suka zo neman jini don su auna wancan ɗaurin, Elisabatu ta tsaya kai da fata sai an yi wa kowa bayani da Hausa, wanda bai so ba a ƙyale shi, kuma su dawo su faɗi abin da suka gani. Sun dawo kuwa.

Halliru bai koma kamar da ba. Har gobe yakan nemi hularsa tana kansa. Amma a wancan ranin ya cika rumbu da albasa, maganar karɓe gona ta mutu, kuma bara shi ya tsaya waliyyin 'yar ƙanensa.

Ke ce, Sista, kika ga mantuwa kika ce ciwo ne a duba, sa'ad da wasu ke cewa asiri. Ke ce kika san lokutan sallar mutanenki kamar yadda kika san ƙararrawar cocinki. Rumfa sha shirgi, ba a taɓa jin sirrin kowa daga bakinki ba.

Watan jiya ta yi ritaya. A Larabarta ta ƙarshe ta zo da Albert, ma'aikacin jinyar da zai gaje ta, ta bi layi tana gabatar masa da mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da ƙauyensa. Da ta zo kan wani dattijo mai sayar da tafarnuwa, wanda ta sani shekara tara, sai ta yi tsaye, baki buɗe. Sunan ya ɓace mata. Sai aka ji muryar Halliru daga baya.

"Abdulƙadiri na, Sista, na Magarya. Mi yas same ki? Ki zo Laraba mu auna ki."

Kaka Adama ta yi dariya har sai da aka riƙe ta. Elisabatu ta zauna a kan benci tana dariya tana share ido da bakin gyale, ta ce a rubuta sunanta a layi.

Mun gode, Sista Elisabatu. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya tsare miki lafiya da hankali kamar yadda kika tsare na mutane. Mu kuma da muka rage, in namu ya fara ɓata hanyar gida, kada mu yi saurin rufe masa ƙofa. Mu kama hannunsa mu kai shi a duba. Sista ta ce ba za ta koma Zuru ba tukuna, kuma Larabar da ta wuce an gan ta a layi, ta naɗe hannun riga, tana jiran Albert ya zo kanta.