Jirgin Dungu da Yafiyar Baba Tahidu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifinmu, Alhaji Tahidu Tela na Sabonjida, bayan doguwar jinya. Ni ce Zuleha, 'yarsa ta biyu. Ina kuka, ba zan ɓoye ba, amma hankalina a kwance yake, kuma zan faɗi dalili.

Baba, duk unguwa ta san kirkinka. In Sallah ta matso, kayan marayu kake fara ɗinkawa, manyan mutane su yi ta zarya a ƙofar shago kana ce musu su dawo gobe. Yaran da ka koya wa ɗinki, yau wasunsu har da jikoki. Amma mu na cikin gida mun san ɗaya halin naka: in ka yi fushi, ba mai sauko da kai. Tun da yayanmu Zulkarnain ya sayar da gonarka ta Gumani ba da saninka ba, ka daina amsa gaisuwarsa. Ya zo da liman, ya zo da Kawu Yidana, ka ce a ba su ruwa su sha su kama hanya.

Sai ciwon mantuwa ya shigo. Zulkarnain ya durƙusa gabanka yana roƙon gafara, ka dube shi da fara'a ka ce, "An ba baƙon nan abinci?" Tsoronmu ke nan, ka tafi ba ka yafe masa ba. Zulkarnain, bawan Allah, ya rame, ko barcin kirki ba ya yi.

Abu ɗaya ne bai gushe maka ba, jirgin da ya kai ka Makka muna ƙanana. Shi ya sa autarmu Humu ta ce mu kai ka wani gidan abinci a Dungu, wanda aka ƙera kamar jirgin sama na da, da ƙananan tagogi, da kujeru a jere, masu kawo abinci sanye da kayan ma'aikatan jirgi. Na ce shirme ne, tsoho marar lafiya ina shi ina yawo. Allah Ya sa ba su saurare ni ba.

Kana zama ka laluba ɗamarar kujera ka ɗaura, ka gyara hula, ka fara addu'ar matafiyi. Humu ta buɗe baki za ta ce maka nan wurin cin tuwo ne, na take mata ƙafa. Na tuna yadda ka bi gida-gida a Sabonjida kana neman yafiya kafin ka tafi aikin Hajji, kamar yadda kowane maniyyaci yake yi a wurinmu.

Ka juyo ka ce, "Tafiya ce mai nisa, ku yafe mini." Sannan ka ce, "Ina Zulkarnain?"

Ya ce, "Ga ni, Baba."

Ka kama hannunsa. "Ba a zuwa ɗakin Allah da fushi a ciki. Maganar gona ta wuce. Na yafe maka duniya da lahira. Ka riƙe ƙannenka."

Ƙaton mutum ya kifa kansa a gwiwarka yana kuka, yarinyar da ta kawo tuwo da miyar ayoyo ta tsaya da faranti a hannu ta rasa inda za ta ajiye. Kai kuwa ka cinye naman zabonka tas, ka ce abincin jirgi ya gyaru, direban ne dai yake da nawa. Washegari ka sake tambaya ko an ba baƙo abinci. Muka kai wa liman maganar, ya ce, "Ya kira sunansa da bakinsa?" Muka ce ya kira. Ya ce to mu gode wa Allah.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Tahidu, Ka yafe masa kamar yadda ya yafe, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarmu Hajiya Abibata, da Kawu Yidana, da dukkan telolin Sabonjida. Allah Ya ba mu haƙuri.

Baba, mazan da suka dawo daga maƙabarta sun ba mu labari. Da aka tambayi wanda zai sauka kabari ya karɓe ka, Zulkarnain bai dubi fuskar kowa ba. Ya cire takalmansa ya sauka.