Kafaɗar Baba

Mutanen layin suna kiranta Malama Miƙe, domin ba ta iya ganin mutum a ranƙwafe ta yi shiru. Ko direban tasi ta shiga motarsa, kafin ta sauka sai ta ce masa ya saki wuyansa.

Ɗakin aikinta yana saman wani shagon ɗinki. Ba komai a ciki sai dogon madubi, kujerar katako, tabarma, da tsofaffin littattafai uku da take sa wa ɗalibi a ƙarƙashin kai idan ya kwanta. Mutum ɗai-ɗai take koyarwa. Mawaƙa na zuwa don numfashinsu ya buɗe, 'yan wasan kwaikwayo don su gyara tafiya, ma'aikatan ofis kuma ciwon baya ke koro su. Aikin duk zauna ne, tashi, sake zauna, amma hannunta akwai sa'a.

Abu ɗaya ne take ɓoyewa: mahaifinta ɗan dako ne. Shekara talatin yana ɗaukar buhu, har bayansa ya lanƙwashe, kafaɗar dama ta zube. Tana sonsa, ba ta barinsa da yunwa ko rashin magani, amma ba ta taɓa cewa ya zo ya ga ɗakin ba. A ganinta, wa zai yarda da mai gyaran baya idan ya ga bayan ubanta?

Wata Talata da hantsi tana tare da wata mawaƙiya mai ji da kanta, sai ga Baba ya hawo bene yana haki. Laimarta ya kawo mata, wadda ta manta a gidansa.

"Wane ne wannan?" in ji mawaƙiya.

Bakin Malama ya riga hankalinta. "Yauwa, dubi bawan Allahn nan da kyau. Kin ga wuya ya shige, ƙirji ya rufta? Haka jiki ke komawa idan mutum bai kula da shi ba."

Baba har ɗan juyawa ya yi gefe don su gani sosai, sannan ya jingine laimar ya sauka.

Kunya ta rufe Malama. Kwana uku ta kasa zuwa gaishe shi, ta kasa kallon kanta a madubin da take yini a gabansa. A rana ta huɗu shi ne ya dawo, ya leƙo a hankali.

"Sai da na tabbatar ba kowa na hawo," ya ce. "Uwata, ki gyara ni ko kaɗan ne, kada in riƙa ɓata miki sana'a."

Da zagi ya yi mata, da ya fi mata sauƙi. Ta kwantar da shi a tabarma, ta ɗauko littattafan. Baba ya kama na sama ya yi murmushi.

"Ai na gane wannan, mai koren bango. Kina aji biyu na sayo miki shi. Ranar siminti muka sauke tun safe."

Ba gori yake yi ba, alfahari yake yi. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa ta dama, karo na farko tun da ta fara wannan aiki, ta ji fatar wurin ta yi kanta, ta yi tauri kamar tafin ƙafa.

Sai ga takun takalmi a matakala. Mawaƙiyar ce, lokacin darasinta ya yi. Baba ya yunƙura da sauri yana neman hularsa.

"Bari in ɓuya a bayan ƙofa," ya ce ƙasa-ƙasa.

Malama ta riƙe kafaɗar, hawaye na zubo mata. "Kwanta, Baba."

Ta ɗaga kai ta dubi mawaƙiyar da ta yi turus a bakin ƙofa.

"Cire takalminki ki shigo ki gaishe shi. Mahaifina ne."