Sarkin Kaka Ba Ya Shiga Ganuwa

Ranar wata kasuwar Wara, a daminar da na shiga aji biyar, Kakana ya cafke hannun malaminmu a gindin tsamiyar bakin kwatar jiragen ruwa, gaban masunta da masu bandar kifi. Malam Iliya baƙo ne daga Shanga, shi ya kawo mana darar Turawa da ake kira ces, da 'ya'yanta da ya sassaƙa da kansa. Da ni yake karawa a ranar. Kaka kuwa, wanda tun kafin a haife ni babu mai cinsa a darar ramuka, ya tsaya a kanmu yana harara, don tun farko bai yarda da wasan da ake yi shiru kamar zaman makoki ba.

Abin da ya jawo rigimar shi ne Malam ya matsar da sarkinsa gida biyu zuwa gefe, ya ɗauko ɗiyar da ake kira hasumiya ya tsallakar da ita ta tare shi. "Hannu guda, ɗiya biyu? Malam, wagga zamba ta!" in ji Kaka. A garinmu kuwa wanda aka kama da maguɗin dara, ko kwandon kifi ba a barinsa ya auna. Malam ya yi ta rantsuwa cewa doka ce, sunanta shiga ganuwa, ana yi ne don a killace sarki bayan dakarunsa tun yaƙi bai yi zafi ba. Wa zai saurare shi? Kafin la'asar mata a bakin murhun banda har sun fara cewa dama idonsa bai yi musu ba. Kaka ya hana ni zuwa wurinsa.

Makonnin nan sun yi mini ɗaci. Da safe in kwashe ruwa daga kwalekwale, in shanya taru, da rana in tafi fadama korar tsuntsaye daga shinkafar Inna, ina jera tsakuwa a kan kunya ina wasa da kaina. Yara suna langa a filin makaranta suna yi wa Malam waƙar "mai hannu biyu". Ni kaina, gaskiya, na fara zarginsa. Idan doka ce, me ya sa bai taɓa nuna mana ba sai da ya ga zan matse shi?

Kaka ba ya yanke wa mutum hukunci a bayan ido, shi ya sa ya koyi tafiyar 'ya'yan a wurina, ya aika a kira Malam su kara. Kaka ya bar sarkinsa tsaye a tsakiya, ya kwararo dakaru gaba kamar yadda yake yi a dara. Malam ya shige ganuwarsa, ya buɗe hanyar tsakiya, sai ga sarkin Kaka tsirara, ana korarsa daga gida zuwa gida har ya rasa mafaka. Aka sake, haka. Kaka ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce da ƙarfi yadda masunta za su ji: "Ba zamba ba ta, tsoro na. Amma tsoron ga na da wayo." Ya juyo gare ni: "Kai ɓoye naka. Ni nawa a fili za ya mutu." Washegari na koma wurin Malam, waƙar yara ma ta mutu. Kaka kuwa har ya bar duniya sarkinsa bai taɓa shiga ganuwa ba.

Yanzu tsamiyar ta zama kufai, da yamma kowa sauri yake ya shige gida. Da tsaron hanyoyinmu ya fara lalacewa, ban jira ba, na kwashe iyalina na dawo da su cikin Yelwa, ina kewar ƙamshin banda kullum. 'Ya'yana suna barci lafiya. Sai dai har yau ban san ko Kaka zai yarda tsorona yana da wayo ba.