Kuka Iri Biyu a Madarumfa

Mun tashi ana idar da sallar asuba, ni da jikata 'yar shekara bakwai, a kan amalanken wani maƙwabcina mai kai albasa kasuwa. Daga ƙauyenmu na ƙasar Safo muka nufi Madarumfa. Ku da kuke bibiyata kun san ba na fita haka kawai, don gwiwoyina sun riga ni yin ritaya. Dole ce ta fitar da ni.

Tun da ubanta ya tafi cirani Najeriya bayan girbi, yarinyar nan ta rufe bakinta. Ita da take hana ni barcin rana da surutu, tana cewa gemuna ya yi kama da na bunsurun gidanmu, sai ta koma zama jikin rumbu. Tuwo kuwa loma biyu ta ture kwano. An kai ta likita, aka ce jiki lafiya lau. Sai ɗiyata, gwaggon yarinyar, da ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa ta aiko cewa in kawo ta, wai sun samu littattafan yara masu hotuna da ke sanyaya zuciya. Na ce ikon Allah. Ni da na yi lakwal har aji uku, ban ga abin da littafi ya sanyaya mini ba, bulalar mushe, wato malaminmu, kawai ya jawo mini.

Jakin maƙwabcina malami ne, ba ya taka ƙasa sai ya yi nazari. Gonaki duk an kwashe, sai karan gero a kwance da awaki suna kalan harawa. A bakin titi muka samu mota, aka cusa mu tsakanin buhun wake da wata baiwar Allah mai kaji uku a cinya. Ɗaya daga cikin kajin, wani zakara, ya kafa mini ido har muka sauka, ban san me na yi wa danginsu ba. Na nuna wa jikata shi ko za ta yi dariya. Ta dube shi, ta dube ni, ta kau da kai.

Madarumfa tana nan da ruwanta. Tafki ya cika, masunta suna janyo koma, lambunan salati da zogale kore shar a gefe. Na tsaya wurin wata mai suyar kifi, ta ce ƙarfasa ɗaya dala ɗari. Na tambaye ta ko kifin ya yi aikin hajji ne. Ta ce, “Tsoho, in ba ka da haƙoran ci, kada ka ɓata mini ciniki.” Na saya saboda mutunci. Yarinya ta riƙe ƙunshin a hannu, ko buɗewa ba ta yi ba.

A gidan ɗiyata aka shimfiɗa mana tabarma, ta fito da littattafai cikin kwali. Wasu da Faransanci, waɗannan na gaishe su daga nesa. Ta zaro wani na Hausa ta miƙo mini, ta ce, “Baba, kai za ka karanta mata, da kai ta saba.” Na sa tabarau, na gyara murya yadda liman ke yi. A shafin farko ga hoton yarinya zaune gindin ƙatuwar itaciya, ta kifa kai a gwiwa. Na bi baƙaƙen da yatsa: “Ku-ka ba a-bin kun-ya ba ne.”

Nan take marubucin ya shiga raina. Na ce madalla, yau ga ɗan boko mai hankali. Na shiga bayani cewa mutane sun samu shinkafa da taliya sun raina kuka, alhali ita ta raine mu, in ta ji daddawa da man shanu babu miyar da ke kama ƙafarta. Ina cikin wa'azi sai na ji wata 'yar murya da na daɗe ban ji ba.

“Kaka, ba ta miya ba ce. Na ido ne.”

Na ce ina shaida, ga itaciya a hoto? Ta ɗora yatsa a kumatun yarinyar, ta nuna mini ɗigon hawaye. Sannan ta ce a hankali, “Amma Iya ta ce ba a kuka bayan matafiyi. In na yi, motar Baba za ta faɗi.”

Iya ita ce tsohuwata, wato uwargidana. Ranar tafiyar ta faɗi haka a bakin ƙofa, yadda kowa ke faɗa, ta manta. Yarinya ba ta manta ba. Ashe abin da take ta riƙewa ke nan a maƙogwaro, har tuwo ya rasa hanyar wucewa.

Na cire tabarau, na ce mata a matsayina na wanda ya yi aji uku, wannan dokar tana ƙarewa ne da zarar matafiyi ya sauka. Ubanki ya sauka tuntuni, har muryarsa kin ji a waya. Ta ce, “Da gaske?” Na ce da gemuna na rantse, na bunsurun. Sai ta faɗa jikina ta ɓarke da kuka, har maƙwabta suka leƙo. Ni ma wani abu ya shiga idona, ina jin hayaƙin murhu ne. Da ta gama, ta cinye ƙarfasar nan tas, ƙaya ta bar mini.

Ɗiyata ta ce da gangan na yi kuskuren karatun. Ban musa ba, ku ma ku bar shi a haka. Ta ara mana littafin, muka kamo hanya bayan la'asar, jikata tana karanta wa mota duka, ana so ba a so.

Abin da na koyo shi ne, maganar da babba ya yar a bakin ƙofa, yaro ɗauka yake ya ajiye a ciki. Kuma boko bai raba kuka da kuka ba, sai an duba hoto. Mun iso gida lafiya, tsohuwata na kan murhu, ta ce kuka za ta kaɗa, ko akwai mai magana? Jikata ta riga ni amsawa: “Iya, wanne? Kaka ya ce a gidan nan duka biyun an yarda.”