Mai Jaka Ta Sauke Jakarta

Surukata dai, matar babban ɗana, unguwa duk Mai Jaka ake ce mata, don shekara da shekaru jakarta na bakin ƙofa, rigar aikinta a goge a jikin ƙusa. Ma'aikaciyar jirgin sama ce, irin na ko-ta-kwana. In hadari ya tsare jirage a ƙasa har lokacin masu aiki ya ƙare, dole su huta, to irin su surukata ake kira su karɓa. Ranar jiranta ko wanka da waya take shiga. Sama na haɗe rai za ka ga ta leƙa taga, ta rage wutar girki. Kai, zamani! Har na yi kewar ƙarar takalmin nan nata a tsakar gida.

Na sha yi mata tsiya: "Ke aikinki zama ne?" Ta ce, "Inna, zaman ne ma ya fi wuya."

Wata rana tana hutu, an zaunar da ita kitso, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Sai ga waya. Wata sabuwar yarinya ce a wurin aikinsu, tana kuka. Ita ke jira ranar, an kira ta, ga ɗanta kwance asibiti da zazzaɓi. Ta taɓa rasa kira sau ɗaya, in ta ƙara sallama ce, kuma ita ke ci da uwarta.

"Anti, ya zan yi?"

"Zauna wurin ɗanki. Share hancin nan, ina jinsa har nan."

Surukata ta buga wa ofis waya ta ce a sa sunanta a madadin yarinyar. Mai kitso ta riƙe tsinke ta ce, "Baiwar Allah, da rabin kai za ki hau sama?"

"Wa zai ɗaga min hula?"

Haka ta fita, gefe a kitse, gefe a tsefe. Maƙwabcinmu direban mota yana cikin fasinjan jirgin, ya ce fasinja sun yini a zaune, suna zaginta kamar ita ta aiko ruwan, ita ko sai bi take da ruwan sha tana "Ku yi haƙuri, Baba."

Yarinyar nan ba a kore ta ba. Yau ita ce shugabar masu aikin cikin jirgi. Makon jiya da surukata ta yi ritaya, yarinyar ta zo har gida, ta durƙusa tana godiya. Wai Mai Jaka ta ce ba ta tuna ba.

To ke ce mai mantuwa, Mai Jaka, ni ba na manta abin da ake bin mutum. Ke ce rumfar ranar ruwa. Na gode, Allah Ya huta gajiya. Ku kuma 'yan baya, in na ƙasa da ku ya kira yana kuka, ku ɗauka.