Neman Muryar Rifkatu a Jalingo

Shekarar da aka sauya wa cocinmu rufi ke nan, damina biyu bayan ruwa ya kwashe mana shinkafar fadama, ba a kuma daɗe da binne Rifkatu ba. Ni Hannatu ban taɓa zama a aji ba, amma tun kafin garinmu Mutum Biyu ya san wutar lantarki nake ba da waƙa a zumuntar mata. Ni ke ɗaukowa daga sama, Rifkatu ta tare daga ƙasa da muryarta mai kauri kamar ta namiji, tana dukan tulu.

Kafin ciwo ya kwantar da ita, jikata Naomi ta ɗauki waƙoƙinmu a kwamfuta. Sana'arta ke nan, a ɗakinta take haɗa sauti, ta ɗaga wannan, ta rage wancan, har su zauna daidai. Ta haɗa namu domin sujadar tunawa da Rifkatu, muka kai coci gwaji. Lasifika ta buɗe, na ji kaina tsaf, na ji caki, amma babu Rifkatu. Sai ka ce an sake binne ta.

"Kaka, hedifon ɗina ne ya cuce ni," in ji Naomi, wato abin da take kifawa a kunne in tana aiki. "Yana ƙara wa sauti kauri. Sai na ji muryar Mama Rifkatu ta yi yawa, na yi ta ragewa. Dole in nemo wanda ba ya ƙari a Jalingo."

"Da ni za a je," na ce. "Ke a kwamfuta kika san muryar nan, ni a kafaɗata na san ta." Na sayar da buhun masara ɗaya, na ƙulle kuɗin a bakin zane.

Hanya

Muna isa tasha ana kiran sallar asuba. Direba ya dube ni ya ce, "Mama, asibiti za a kai ki?"

"Kai ne mai kama da mara lafiya. Ba ni gaba."

Ya ba ni gaba, shi da kansa ya ɗaura mini bel. A Iware muka sayi ƙosai da kunun gyaɗa. Gaba kaɗan soja ya tare mu, ya ce a buɗe jakar Naomi. Da ya ga kwamfuta ya tambayi me ke ciki. Na ce, "Ƙawata ce a ciki, ta rasu, za mu je mu fito da ita." Ya rufe jakar da hannu biyu, ya ce mu wuce.

Rabona da Jalingo tun ana bin ta da ƙafa a gama kafin rana ta yi zafi. Yanzu gidaje sun haura har gindin duwatsu, keke sai ka ce tururuwa. Muka sauka a Nukkai, gidan Saratu 'yar ƙanena. Ta ba mu tuwon masara da miyar karkashi, ta ce mu huta. Na ce ba hutu ya kawo ni ba.

Shagon Buba

Keke ya kai mu Barade, shagon wani Bafulatani mai suna Buba, mai sayar da kayan sauti. "Jabbama, Inna," ya ce, ya tashi ya ba ni kujerarsa. Naomi ta gaya masa damuwarmu da iyakar ƙarfinmu.

"Kun zo da waƙar da kuka sani sarai? Da ita ake gwadawa, ba da tawa ba."

Naomi ta buɗe waƙar yadda aka ɗauke ta, kafin ta taɓa komai. Buba ya jera hedifon uku. Na farko ja ne, ba shi da waya, har fitila yake yi. Da aka kifa mini sai ƙirjina ya ɗauki rawa. Tulu kamar aradu, muryata kamar ta budurwa.

"Wannan nake so," na ce.

Buba ya yi dariya. "Inna, wannan maroƙi ne. Abin da kike so ki ji yake faɗa miki. Irinsa ne ya ɓatar muku da baiwar Allahn nan."

Na biyu na manyan ma'aikata ne, bayansa a buɗe kamar rariya. Ya ce yana da kyau ƙwarai, amma masara buhu huɗu ba za ta saye shi ba, kuma in janareta na kuka a maƙwabta duk zai shigo ciki. Naomi ta shafa shi, ta ajiye.

Na uku baƙi ne, ba ado, yana rufe kunne ruf, ga doguwar waya kamar igiyar akuya. Ba ya neman caji. Da farko raina ya ɓaci, domin na ji muryata yadda take, ta tsufa, tana rawa wajen hawa. Na ɗaga hannu zan cire, sai Rifkatu ta ja numfashi.

A nan, gefen haguna, inda take tsayawa kullum. Tana da wani ɗan ja na numfashi ta hanci kafin ta shigo, wanda ni kaɗai na san shi, don da shi nake sanin lokacin da zan sauka in ba ta wuri. Na ji shi. Na ji zoben hannunta yana taɓa wuyan tulu. Na waiga hagu, sai na ga batura jere a kan kantar shago. Na yi shekaru ina waƙar tashin matattu, ban taɓa zaton ɗan adam zai iya ajiye numfashin mutum a cikin akwati, ya miƙo maka shi ta waya ba.

Ban san na amsa mata da ƙarfi ba sai da na ga mutanen kan titi sun tsaya a ƙofar shago.

Na kwance bakin zane. Kuɗin ya isa, har da ragowar na mota. Buba ya ce wa Naomi kada ta cika ƙara in tana aiki, kuma in ta gama ta gwada a waya, ta gwada a mota, kafin ta yarda da kunnenta. Na ce masa useko, wato na gode, iyakar Fillancina ke nan.

Komawa

Washegari da safe Naomi ta zauna a ɗakin Saratu ta sake haɗawa. In ta ɗan taɓa sai ta kifa mini. "Kaka, ta iso?"

"Tana bakin ƙofa. Ƙara mata kaɗan." Haka muka yi ta yi har na ce, "Tsaya. Ta shigo."

Bayan azahar muka koma tasha, sai ga direban jiya. Naomi ta roƙe shi ya sa waƙar a motarsa. Daga Nukkai har muka wuce shingen sojoji waƙar na tashi. Can wani dattijo mai rawani a baya ya ce, "Wannan mai muryar ƙasa-ƙasa, wace ce?"

"Rifkatu ce," na ce. Ban gaya masa ta rasu ba, don a lokacin tana cikin motar.

Mun iso gida kafin magariba. Ranar sujada, da aka kai wajen numfashin nan, mijin Rifkatu ya miƙe tsaye da sandarsa, bai zauna ba sai da waƙa ta ƙare.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Saratu da Buba da direban da ya ce mini mara lafiya. Cikin waɗanda muka fara zumunta tare, saura ni, sai Ladi da idonta ya tafi, sai Tabita da ke wajen ɗanta a Wukari. Ladi takan sa a jawo ta gidanmu, ta ce a kifa mata abin nan. Takan zauna a dama, ta bar hagu a buɗe.